Farin Labulen Gwaggo

Da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safiyar wata Alhamis abubuwa suka fara rikicewa. Ba rasuwar nake nufi ba. Rasuwar ta zo da hantsi, cikin sauƙi, Gwaggo tana kishingiɗe a tabarmarta da kalmar shahada a bakinta. Na Allah ne mu, kuma wurinSa ta riga mu komawa. An aika wa dangi a Aujara, masu haƙa sun tafi maƙabarta, an sa jana'iza bayan azahar. Komai yana tafiya daidai, har lokacin da aka ce in buɗe akwatinta in ɗauko likkafani.

Babu wanda bai san akwatin nan ba a gidanmu na Limawa. Gwaggo yayar mahaifina ce. Da mijinta ya rasu ta dawo gida ta zauna a sashen baya, Baba kuma yana gaba da makarantarsa ta allo. Tun shekarar da ta ajiye aikin yaƙi da jahilci ta sayi likkafaninta, kamar yadda tsofaffi kan yi. Takan bubbuga murfin akwatin ta ce, "Kayan tafiyata suna nan. A cikinsu za a sa ni, kada kowa ya je mini kasuwa."

Na buɗe. Ga ledar da aka naɗo yadin a ciki, an ninke ta tsaf. Ga ƙullin turare, ga allura da zare. Yadi kuwa babu.

Iya mai daddawa ce za ta yi mata wanka, aminiyarta tun suna 'yan mata. Ta leƙo ta gan ni durƙushe ina zazzage tsofaffin zannuwa.

"Me kike nema a nan? Je ki sauko da shi daga igiya."

"In sauko da me, Iya?"

"Labulen mana. Da wanne kike zato?"

Da hannuna na wanke labulen nan da sassafe na shanya shi, domin Alhamis ce ranar wasan Gwaggo, kuma babu wanda ya san ba za ta kai la'asar ba. Na ratsa matan da suka cika tsakar gida, na ciro shi daga igiya. Wata ta tambaya ina zan kai shi. Iya ba ta iya magana a hankali ba. Daga bakin ƙofa ta ba da amsa, kowa ya ji.

"La'ilaha illallahu!" in ji matar liman. "Wato duk shekarun nan likkafani muke zuwa kallo?"

"Ni fa jikana har hannun maiƙo ya taɓa gogewa a jikinsa."

"Shi ya sa! Duk ranar da na zo gidan nan sai na kwana ina mafarkin uwata."

"Kai, baiwar Allah nan. Ta mutu ma ba za ta bar mutane su yi kuka a natse ba."

Wata ta cusa mayafi a baki don kada dariya ta fito, sai dariyar ta fito tare da kuka.

Abin bai tsaya nan ba. Likkafanin mace ba ƙyalle ɗaya ba ne. Akwai riga, akwai zane, akwai ɗankwali, akwai waɗanda za a naɗe ta da su. Iya ta auna labulen da kamun hannu, ta sake aunawa, ta dube ni. Ko rabi bai kai ba.

Ɗan Gwaggo na fari, wanda yake aiki a sakatariya, ya shigo har soron ciki da makullin babur a hannu. Abokan aikinsa suna zaune a tabarmi a ƙofar gida, kunya ta riga ta kama shi.

"Yanzu zan je kasuwa in yanko sabo. Ba za a naɗe mini uwa a tsumman wasa ba."

"Dakata," in ji Baba.

"Kawu, azahar fa ta kusa."

"Na ce ka dakata." Sai Baba ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka shi da Gwaggo duk Uwata suke kirana. "Uwata, shiga ki gaya wa matan nan bai kai ba. Iyakar abin da za ki faɗa ke nan."

Na tsaya da yadi a hannu ban gane ba. Mutumin da ya fi kowa faɗa da Gwaggo a kan labulen nan, shi ne yau ya hana a sayo wani. Kuma ni ya zaɓa, ni da ko gaisuwa zan yi a taro sai na shirya ta a zuci tun daga gida.

Kafin in faɗi yadda aka ƙare, dole in faɗi mene ne labulen. An fara ba da labarin a unguwa kamar abin dariya kawai, yara kuma suna tasowa ba su san ta ba.

Abin da Gwaggo take yi ba shi da suna. Ba wasan kwaikwayo ba ne irin na makaranta, ba tatsuniya ba ce, ba wa'azi ba ne. Ita takan ce ɗanɗano. Ranar Alhamis, da yake babu karatun allo, sai ta aika gida-gida: "Ku zo ku ɗanɗana mini, bai nuna ba tukuna."

Bayan la'asar mukan ɗaura labulen ya raba tsakar gida biyu. Masu kallo, mata da yara, su zauna ta gabas. Masu yi su tsaya ta yamma, rana tana bayansu, inuwarsu ta faɗo a kan farin yadi. Babu fitila, babu lantarki. Da rana ta faɗa bayan duwatsu shi ke nan, inuwa ta ɓace, ko ina aka kai.

A bayan labulen kuwa babu abin da ba ta haɗawa. Mata suna lugude a turmi. Rikoda tana juya kaset ɗin da ta ɗauko a bakin wata rijiya a Miga, ƙarar guga da numfashin mai ja. Wata tana soya gero a kasko don ƙamshin ya isa wurin masu kallo. Ni kuma ina tsugune a gefe ina karanta shafin littafin labarin ƙasa a kan yadda hadari yake haɗuwa. Duk a lokaci guda. Wannan shi mutane suke kira "na jiran ruwa". Akwai kuma "na tirela", wanda ta fara a shekarun da Dutse ta zama babban birnin jiha, motoci suka cika gari da kaya da baƙi. A cikinsa inuwar mata ce ɗauke da katifu da kujeru, suna wucewa, suna dawowa, ba sa sauke kayan a ko'ina.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsayawarta. Ana tsakiyar abu, ya fara ratsa jiki, sai ta tafa hannu ta leƙo ta gefen labule, tabarau ya zamo mata a kan hanci.

"To, me kuka gani?"

Da gaske take tambaya, kuma sai ta ji ta bakin kowa. Wata ta ce, "Ni dai wahala na gani." Wata ta ce, "Ba haka ake jan guga ba. Wannan ko a mafarki ba ta taɓa ja ba." Sai Gwaggo ta ce, "Taso ki nuna mana." Ta haka rabin unguwa suka shiga bayan labule. Takan ce a ƙauyukan da ta koyar, abin da ta faɗa wa mata sun manta, amma abin da suka yi musu da ita a kai yana nan a kansu.

Wata rana akuyar Iya ta tsinke ta shigo, ta tsaya a tsakiyar yadi, ta ɗaga kai sama. Da aka tambayi me aka gani, kowa ya ce akuyar ta fi kowa iya jiran ruwa. Alhamis ta gaba Gwaggo ta cire karatuna, wanda na sha wahalar gyarawa, ta sa akuya a madadinsa. Akuyar ba ta sake ɗaga kai ba. Igiyar labule ta riƙa ci.

Ni mutum ce mai son abu ya fara daga farko ya ƙare a ƙarshe. Littafi ko bai yi mini daɗi ba sai na kai bangonsa na baya. Na sha tambayarta, "Gwaggo, yaushe za mu gama ko guda ɗaya?" Sai ta ce, "Rana ce ta faɗi, Uwata. Je ki yi faɗa da ita." Akwai shekarar da ɗanta ya samo mata dama ta nuna "na tirela" a wani babban ɗakin taro, a gaban manya. Na yi murna, na ce yau dai dole a yi masa ƙarshe. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "In na tafa hannu na tambaye su me suka gani, za su faɗa?" Ya ce manya ba a tambayarsu haka. Ta ce, "To su zauna da ɗakinsu." Shi ya yi fushi, ni ma na yi, ita ta tafi neman batir ɗin rikoda.

Amma ita ce ta ba ni murya, wannan ba zan ɓoye ba. Ina ajin farko a sakandare malami ya tashe ni in yi karatu, muryata ta maƙale, aji ya kwashe da dariya, na dawo gida na ƙi cin abinci. Gwaggo ba ta rarrashe ni ba. Ranar Alhamis ta miƙo mini littafi ta ce, "Zauna nan bayan turmi, inda ko inuwarki ba za ta fito ba. Babu mai ganinki. Karanta wa yadin nan." Na karanta wa yadi. Da aka tsaya, matar liman ta ce, "Wace ce mai muryar rediyon nan?" Masu daka suka buɗe baki za su faɗa, Gwaggo ta harare su, ta ce, "Ku dai kun ji ko ba ku ji ba?" Ta bar su cikin duhu har sai da na yarda da kaina a faɗa.

Da aka ƙaddamar da shari'a, magana ta fara yawo cewa a gidan malami ake tara mata ana kiɗa. A lokacin akwai kiɗan ƙwarya a cikin wasan. Baba ya zo sashenta, abin da ba ya yi sai da dalili, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Yaya, ki rufa mini asiri. 'Ya'yan mutane nake karantarwa a ƙofar gidan nan."

"An hana ƙwarya? Na ajiye ƙwarya. An hana daka?"

"Ba a hana daka ba."

"An hana karatun hadari?"

"Yaya, surar mutane kike nunawa."

"Inuwa ce, Malam. Ni na yi ta? Ga taka nan a ƙasa tana bin ka, kore ta mana."

"Tun muna yara haka kike. Ba a gama magana da ke."

"Na goya ka, ka jiƙa mini baya, yau kai za ka koya mini kunya? Zo ka ɗanɗana ranar Alhamis. Inda ka ga haram ka tafa hannu, in tsaya."

Bai zo ba. Daga ranar har azumi ya wuce, gaisuwa kawai take haɗa su. Ta ajiye ƙwarya, ta daina kunna duk kaset mai waƙa, ta kori yara maza da suka fara tasawa, amma ba ta sauke labule ba. Mata sun ɗauke ƙafa na wani lokaci, sannan suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Wata Alhamis na fita ɗauko wani littafi, sai na tarar da Baba zaune a soron ciki, ya ba tsakar gida baya, carbi a hannu, kansa jingine da bango. Bayan magariba ya kira ni. Na ɗauka hana ni zai yi.

"Kina sauri a karatun nan," in ji shi. "Ki riƙa tsayawa inda magana ta tsaya. Kuma ki gaya mata akwai taɓarya ɗaya da take riga sauran sauka."

Na gaya mata. Ta ce, "Ka ji Malam! Ya ɗanɗana ke nan." Ta gyara taɓaryar. Ban taɓa jin sun sake tayar da maganar ba.

Sai batun ƙanƙancewar labule. Ni nake wanke shi, ni nake ninkewa, na san tsawonsa. Da farko daga gindin dabino har katanga yake kaiwa. A hankali muka fara ƙara igiya. Wasan da ake yi da mata da yawa ya koma na 'yan kaɗan, domin sauran ba su da wurin da inuwarsu za ta faɗa. Na yi magana. Ta ce, "Yadi yana tsukewa in ya sha ruwa." Na ce, "Gwaggo, wannan ba tsukewa ba ce, ga bakin yaga nan." Ta ce in je in duba ko rana ta karkata.

Sau ɗaya na gani da idona. Jaririn maƙwabciyarmu, matar mai faci, ya rasu da damina, mijinta yana can Miga wurin noma, gidan ko farin ƙyalle babu. Gwaggo ta shigo, ta kama gefen labule da haƙori, ta yage, ta fita. Da Alhamis ta zo na nuna mata igiya na ce, "To yanzu ina mai katifa za ta tsaya?" Ta ce, "Sai ta matso kusa da 'yar'uwarta." Sauran yagar ban gani ba. Daga baya na ji inda suka tafi: wani yaro a bayan layinmu, wata tsohuwa da nata likkafanin ya gaza, wani baƙo da ya rasu babu kowa nasa a gari. Ban taɓa kawowa a raina cewa daga nata take yagowa ba.

To, ga ni a ranar, tsaye a tsakiyar gida, labulen da na saba ɓuya a bayansa yana ninke a hannuna. Idanu duka a kaina. Na tuna maganar Baba, na yi a hankali.

"Likkafanin Gwaggo bai kai ba."

Sai matar mai faci ta miƙe, ta gyara goyonta, ta fita ba sallama. Wata ta bi ta. Matar liman ta nemi takalmanta. Kafin wani lokaci rabin tabarmi babu kowa. Na ji ɗan Gwaggo daga soro yana cewa, "Ka gani ko, Kawu? An watse. An tozarta ta, an tozarta mu." Na ji Baba ya ce, "Ajiye makullin nan." Ni kaina a lokacin ina goyon bayan ɗan Gwaggo. Raina ya ɓaci da Baba, ya ɓaci da matan, ya fi ɓaci da wadda take kwance a ɗaki, wadda ko tafiyarta ta ƙarshe ba ta shirya ta cika ba.

Matar mai faci ce ta fara dawowa. Farin yadi ne a hannunta, sabo, wanda aka saya don rigar makarantar ɗanta. Ta ajiye a gaban Iya ta koma ta zauna. Sai matar liman, tana haki, da wani dogon yanki mai ƙamshin turare. Daga nata likkafanin ta yago, bakinsa sai zubar da zare yake yi. Sai wata tsohuwa, sai wata.

Kuma, wallahi, sai suka fara musu.

"Wannan ya yi ɗankwali."

"Ɗankwali? Kin san girman kan marigayiya kuwa?"

"A sa nawa daga ciki, ya fi laushi."

"Naki ya yi ja, ya daɗe a akwati. A sa shi inda ba a gani."

"Wa zai gani a can, ke kuma?"

Iya tana aunawa, tana cewa a kawo wannan, a mayar da wancan. Ni aka ba allura, saboda an san ɗinkina ba ya karkacewa. Farin bai zo ɗaya ba. Wani fari tas, wani ya yi ruwan madara, wani ya sha bula har ya yi shuɗi-shuɗi. Ina ɗinki ina jin haushin wannan, ina kuka, ina jin haushin kukan don yana hana ni ganin hancin allura. Labulen shi aka sa daga waje, ya rufe sauran. Liman ya ɗan jira bayan azahar, mutanen sakatariya sun yi ta duba agogo, amma an kai ta a cikin kayanta, babu wanda ya je kasuwa.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yalwata mata makwanci, Ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa wasu. Ta bar mu da kaset a kwali, da wasannin da ba a gama ko ɗaya ba, da tsofaffi a Limawa waɗanda yanzu nasu likkafanin bai cika ba. In an ce su sayo ciko, sai su ce, "Ranar tamu kwa san abin yi." Wato rikicin bai ƙare ba, yaɗuwa ya yi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Na tambayi Iya ko Gwaggo ta san yadin ba zai ishe ta ba, ta ce in tambayi ubana. Na yi ta shirya tambayar a zuci har aka yi sadakar bakwai. Da baƙi suka tafi na same shi a soron ciki da la'asar, a wurin nan da na taɓa ganinsa ya jingina da bango. Na durƙusa.

"Baba, me ya sa ka hana a je kasuwa?"

Ya ajiye carbinsa.

"Bara ta kira ni ta nuna mini abin da ya rage," in ji shi. "Na ce zan sayo mata wani. Ta ce in na sayo shi ma yagawa za ta yi. Na ce, 'Yaya, ki ji tsoron Allah, ba a gwaji da gawa.' Ta ce, 'Ai ba ni zan yi ba, ni ina kwance. Kai dai ka tsayar da su, ka sa Uwata ta faɗa, sannan ka yi shiru ka ga me za su yi.'"

Ya yi tsaki, ya goge ido da gefen rawani.

"Shekara da shekaru ina ƙin shiga wasan matar nan. Sai da ta sa ni a ciki."